Karen Lips da mutuwar kwaɗin Panama: tambayoyi da amsoshi kan bincikenta da abokan aikinta

Duk wanda ya bi labarin annobar da ta hallaka kwaɗi a duniya daga shekarun 1980 zuwa yau, ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da sunan Karen Lips. Waɗannan tambayoyi sun shafi abin da ta gano, da mutanen da ta yi aiki da su, da kuma inda aikin ya kai.

Wace ce Karen Lips?

Ba'amurkiya ce, masaniyar zaman halittu da muhallinsu, wadda ta ƙware a kan kwaɗi da danginsu. Ta yi digirin digirgir a Jami'ar Miami a ƙarƙashin Jay Savage, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana nazarin kwaɗi da macizan Kosta Rika, ta kammala a 1995. Ta koyar a Jami'ar Kudancin Illinois da ke Carbondale, daga baya ta koma Jami'ar Maryland. Mafi yawan aikinta na daji a tsaunukan Kosta Rika da Panama ta yi shi.

Su wane ne dangin kwaɗi, kuma me ya bambanta su da sauran dabbobi?

Gida uku ne. Akwai kwaɗi, su ne mafi yawa. Akwai salamanda, mai siffar ƙadangare amma fatarta sumul ce, a jiƙe, ba ɓawo. Sai wasu marasa ƙafa masu kama da tana, waɗanda yawancinsu a cikin ƙasa suke rayuwa. Jimillar nau'o'insu ta haura 8,000. Da yawansu a ruwa suke fara rayuwa suna talibambam kafin su fito tudu.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne fatarsu. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki, ta fata yake tsotsa, kuma ta fatar yake samun wani kaso na numfashinsa da gishirin jikinsa. Duk abin da ya taɓa fatar kwaɗo ya taɓa ransa.

Yaya ta shiga binciken cuta, alhali ba likitar dabbobi ba ce?

Ba da niyya ta shiga ba. A farkon shekarun 1990 ta zauna a Las Tablas, wani daji mai hazo a tsaunukan kudancin Kosta Rika kusa da iyakar Panama, tana nazarin yadda wani ɗan ƙaramin koren kwaɗon bishiya yake hayayyafa. Aiki ne na haƙuri: bin rafi da dare da fitila, kama kwaɗo, auna shi, yi masa alama, a sake shi. Da ta koma wurin bayan wani lokaci, sai ta tarar kwaɗin sun ragu ƙwarai, har wasu nau'o'in ba a ganinsu sam. Daji yana nan lafiya, ba a sare bishiya ba, rafi yana gudu, amma kwaɗi babu.

Ba ita kaɗai ta ga irin wannan ba. Tun a 1989, a babban taron farko na duniya na masana kwaɗi da dabbobi masu jan ciki da aka yi a Canterbury ta Ingila, masana suka fara jin cewa abin da kowa ya ɗauka matsalar wurin aikinsa ce kawai, ashe ta game nahiyoyi. A shekarar ce kuma aka yi wa kwaɗon zinariya na dajin Monteverde da ke Kosta Rika ganin ƙarshe. Matsalar ita ce ba wanda ya ga gawa. Kwaɗo ƙaramin abu ne, idan ya mutu a daji mai laima, kafin kwana biyu tururuwa da ruɓa sun gama da shi.

Lips ta koma Fortuna da ke yammacin Panama. A can ne, a ƙarshen 1996 da farkon 1997, ta iske abin yana faruwa a gabanta: kwaɗi fiye da 50 daga nau'i 10, wasu sun mutu, wasu suna zaune da rana tsaka ba sa ko gudu idan an kai hannu. Ta kwashe su ta aika wa masu binciken gawar dabbobi.

To, ita ce ta gano ƙwayar cutar?

A'a, kuma wannan amsa tana da muhimmanci, domin sau da yawa akan ba da labarin kimiyya kamar mutum ɗaya ne ya yi komai. David Earl Green, likitan dabbobi mai binciken gawa, shi ya duba kwaɗin Fortuna ya ga wata baƙuwar ƙwaya a fatarsu. A daidai lokacin, a Ostareliya, Lee Berger tana duba gawarwakin kwaɗin dazuzzukan Queensland tare da Rick Speare, tana ganin irin abin. Da aka haɗa hotunan ɓangarorin biyu, tare da taimakon Peter Daszak da Andrew Cunningham a Ingila, sai aka gane abu ɗaya ne yake kisa a nahiyoyi biyu. Rahoton ya fito a mujallar kimiyya ta Amurka mai suna PNAS a 1998, Berger ce a gaba, Lips tana cikin marubuta 14.

Saura a san ko mece ce ƙwayar. A gidan namun daji na ƙasa da ke Washington, Allan Pessier da Don Nichols suna fama da mutuwar wasu kwaɗi masu dafi da ake kiwo. Suka nemi Joyce Longcore ta Jami'ar Maine, ɗaya daga cikin 'yan tsirarun mutanen da suka ƙware a kan wani rukunin funfuna na cikin ruwa da ake kira kitrid, fannin da a lokacin kusan ba wanda ya damu da shi. Ita ta raini ƙwayar a ɗakin gwaji, su ukun suka raɗa mata suna Batrachochytrium dendrobatidis a 1999. A taƙaice ana ce mata Bd.

Dubi mutanen da abin ya buƙata: mai ƙidayar kwaɗi a daji, likitocin dabbobi, masanan ƙwayoyin cuta, da masaniyar funfuna. Da an rasa ɗaya daga ciki, da an daɗe ana lalube.

Ta yaya funfuna take kashe kwaɗo?

'Ya'yan irinta ƙanana ne masu wutsiya, suna iyo a ruwa. Idan suka sami fatar kwaɗo sai su shige, su girma a ciki, su sake fitar da wasu dubbai. Fatar takan yi kauri ta riƙa saɓa. Jamie Voyles da abokan aikinta sun nuna a 2009 cewa fatar da ta kamu ba ta iya shigar da sinadaran sodiyam da fotashiyam yadda ya kamata, sai su yi ƙasa a jini, zuciya ta tsaya. Ƙwayar ta fi son sanyi da laima, tsakanin digiri 17 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyos, zafin da ya haura 30 kuma yana kashe ta. Shi ya sa ɓarnar ta fi muni a rafukan kan tsaunuka.

Me ya sa ake yawan ambaton El Copé?

Domin a nan ne aikinta mafi nauyi yake, kuma a ganina shi ne darasin da ya fi cancanta masu bincike su tsaya a kai.

Lips ta lura da jerin wuraren da abin ya faru: Monteverde a ƙarshen shekarun 1980, Las Tablas a farkon 1990, Fortuna a 1996. Kowane wuri yana kudu maso gabas da wanda ya gabace shi. Idan cuta ce take tafiya a kan tsaunuka, to ana iya shan gabanta a jira ta. Don haka daga 1998 ita da ɗalibanta suka kafa sansani a El Copé, a gandun dajin Omar Torrijos da ke tsakiyar Panama, inda kwaɗi suke cike da rafuka. Shekara bayan shekara suna bin hanyoyi iri ɗaya, dare da rana, suna rubuta kowane kwaɗo da suka gani. Suka gwada fiye da 1,500, ba ko ɗaya mai cutar.

A ƙarshen Satumba 2004 aka sami na farko da ya kamu. Farkon Oktoba aka fara tsintar gawa. Kafin tsakiyar Janairu 2005 sun tattara ɗaruruwan gawarwaki daga nau'i 38, kuma rafukan sun yi tsit. Rahoton da suka fitar a PNAS a 2006 shi ne ya nuna, da lissafi na kafin da na bayan, cewa zuwan ƙwayar da rushewar kwaɗin abu ɗaya ne. Kafin nan mai gardama zai iya cewa ƙwayar dama tana nan, wani abin ne ya raunana kwaɗin. A El Copé an duba an ga ba ta nan, sannan ta zo, sannan aka mutu.

Ka yi tunanin abin da wannan yake nufi ga waɗanda suka yi aikin. Shekaru shida suna sanin dabbobin nan ɗaya bayan ɗaya, sun san abin da ke tafe, ba su da yadda za su tare shi. Abin da kawai ke hannunsu shi ne su tabbatar an rubuta komai daidai.

Daga baya Andrew Crawford da Eldredge Bermingham na Cibiyar Smithsonian da ke Panama suka haɗu da Lips suka bi samfuran da aka ajiye da gwajin ƙwayoyin gado. Sakamakon 2010 ya nuna nau'i 30 sun ɓace daga wurin, kusan kashi 41 cikin 100 na abin da ke akwai. Biyar daga cikinsu ko suna ba a kai ga raɗa musu ba.

Shin duk masana sun yarda da bayaninta?

Ba nan take ba. A 2006 J. Alan Pounds, wanda ya daɗe yana aiki a Monteverde, da abokansa suka wallafa a mujallar Nature cewa ɗumamar yanayi ce take buɗe wa cutar ƙofa, suka kafa hujja da ɓacewar kwaɗin Atelopus a shekarun da suka biyo bayan zafi. Lips da Jay Diffendorfer da Joseph Mendelson da Michael Sears suka mayar da martani a 2008, suka nuna cewa tsarin ɓacewar ya fi dacewa da baƙuwar cuta mai yaɗuwa daga wuri zuwa wuri. Yau akasarin masana sun karɓi cewa Bd baƙuwa ce a Amurka ta Tsakiya. Amma tambayar Pounds ba ta mutu ba, domin an tabbatar zafi da sanyi da sauyawarsu suna shafar tsananin cutar. Gardamar ta yi amfani, ta tilasta wa kowane ɓangare ya gyara lissafinsa.

Idan kwaɗi suka ɓace daga rafi, sai me?

Wannan tambaya ce ta haɗa ta da masana ruwa, irin su Matt Whiles da Catherine Pringle da Susan Kilham. Sun yi shekaru suna auna rafukan Panama kafin annobar da bayanta. Talibambam ne suke kiwon gansakuka a kan duwatsun rafi, suna kuma motsa laka. Da suka tafi, gansakuka ta yi yawa, laka ta taru, yadda sinadarin naitirojin yake zagayawa a ruwan ya canza. An yi zaton ƙwarin ruwa za su maye gurbinsu, amma ba su cike giɓin ba.

Sai macizai. Da yawa daga macizan El Copé kwaɗi da ƙwansu suke ci. Ƙidayar maciji a daji tana da wuya ƙwarai, wani nau'in sau ɗaya za a gan shi a shekaru. Nan aka buƙaci mai ilimin lissafi, Elise Zipkin ta Jami'ar Jihar Michigan, wadda ta ɗauki bayanan shekara 13 ta yi musu nazari. Rahoton 2020 a mujallar Science ya ce an ga nau'in maciji 30 kafin annobar, 21 bayanta, kuma wasu daga waɗanda suka rage sun rame.

Da gaske ne abin ya taɓa lafiyar mutane?

Akwai hujja mai ƙarfi cewa ya taɓa. Michael Springborn, masanin tattalin arziki a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, ya haɗu da Lips da Roberto Ibáñez da wasu, suka ɗora taswirar tafiyar cutar kwaɗi a kan alƙaluman zazzaɓin cizon sauro na gundumomin Kosta Rika da Panama. Abin da suka wallafa a 2022 ya nuna cewa bayan rushewar kwaɗi a gunduma, masu kamuwa da zazzaɓin sukan ƙaru na tsawon wasu shekaru, har ƙarin ya kai kusan mutum ɗaya cikin kowane 1,000 a shekara lokacin da ya fi tsanani. Bayanin da suka bayar shi ne kwaɗi da talibambam suna cin sauro da tsutsotsinsa, ko suna gasa da su wajen abinci. Nazarin na alƙaluma ne, bai ƙidaya sauron kansa ba, don haka ana buƙatar ƙarin aiki a kan wannan mahaɗa. Duk da haka, da ba a rubuta shekarar da cutar ta isa kowane yanki ba, da ko tambayar ba za a iya yi ba.

Daga ina cutar ta fito?

An daɗe ana zargin Afirka, saboda an sami ƙwayar a jikin wani kwaɗon Afirka ta Kudu da aka adana tun 1938, kuma irin wannan kwaɗo an yi ta fitar da shi ƙasashen duniya don gwajin ciki na mata. A 2018 Simon O'Hanlon da Matthew Fisher na Kwalejin Imperial da ke Landan, tare da masana daga ƙasashe da dama, suka kwatanta ƙwayoyin gadon samfura 234. Tushen ya nuna Gabashin Asiya, musamman yankin Koriya, kuma reshen da ya fi kisa ya bazu ne a cikin ƙarni na 20, daidai da bunƙasar cinikin dabbobi tsakanin ƙasashe: na ci, na kiwon sha'awa, da na ɗakin gwaji.

Binciken ya ceci ko da kwaɗo ɗaya?

Ya ceci wasu, a cikin keji. Tunda an san inda cutar ta dosa, an iya shiga gabanta a kwashe abin da za a iya. A 2005 Joseph Mendelson da Ron Gagliardo suka jagoranci ɗaukar ɗaruruwan kwaɗi daga Panama zuwa Atlanta ta Amurka. Da cutar ta isa garin El Valle de Antón da ke tsakiyar Panama a 2006, cibiyar da gidan namun daji na Houston yake ginawa ba ta kammalu ba, sai aka ajiye kwaɗin a ɗakunan wani otal, masu aikin sa kai suna farautar ƙwari suna ciyar da su. Kwaɗon zinariya na Panama, wanda ƙasar take ɗauka alamarta har ta ware masa ranar 14 ga Agusta, yana raye yau saboda irin wannan kiwo.

Ba kowane ne ya tsira ba. Wani kwaɗon bishiya na El Valle, wanda sai a 2008 aka raɗa wa nau'insa suna don girmama masu fafutukar kare dabbobi George da Mary Rabb, bai ci gaba da hayayyafa a keji ba. Na ƙarshe da aka sani ya mutu a lambun tsirrai na Atlanta a Satumba 2016. Kuma babbar matsalar kiwon tana nan: ƙwayar ba ta bar daji ba, to ina za a mayar da su?

Wace rawa 'yan ƙasar Panama suka taka?

Babba, kuma ba a cika faɗinta yadda ya kamata ba. Roberto Ibáñez ya shafe shekaru yana nazarin kwaɗin ƙasarsa, shi ne kuma yake jagorantar shirin ceto da kiwo da Smithsonian da abokan hulɗarta suka kafa a 2009, mai cibiya a Gamboa. Edgardo Griffith, tare da Heidi Ross, su suka riƙe aikin El Valle tun daga kwanakin otal. Baƙon mai bincike yakan zo ya koma jami'arsa, amma ciyar da dabba da wanke keji aikin kullum ne, na wanda yake zaune a wurin.

Aikin ya canza wata doka?

Ya taimaka. A 2013 An Martel da Frank Pasmans na Jami'ar Ghent da ke Beljiyam suka bayyana wata 'yar'uwar Bd mai cin fatar salamanda, ana ce mata Bsal, bayan ta kusan ƙarar da salamandar wani daji a Holan. Nazarin 2014, wanda Lips take cikin marubutansa, ya nuna daga Asiya ta zo ta hanyar cinikin dabbobin kiwo, kuma tana iya kashe wasu nau'o'in Amurka ta Arewa. Amurka ce ƙasar da ta fi kowace yawan nau'in salamanda, musamman a tsaunukan Appalachia. Lips da Mendelson suka rubuta a jaridar New York Times suna kira a rufe ƙofa tun kafin cutar ta shigo, wasu masana da ƙungiyoyi ma suka matsa. A Janairu 2016 hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka ta hana shigo da nau'in salamanda 201. A wannan karon, mataki ya riga annoba. Lips kuma ta yi shekara guda tana ba ma'aikatar harkokin wajen Amurka shawara kan kimiyya.

Yaya girman ɓarnar a duniya baki ɗaya?

Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne na Ben Scheele da masana 40, ciki har da Lips, a 2019: cutar tana da hannu a raguwar aƙalla nau'i 501, kuma 90 daga ciki ana kyautata zaton sun ƙare. Wasu masana sun ƙalubalanci adadin, suka ce ga nau'o'i da yawa hujjar ra'ayin ƙwararru ce kawai, ba gwaji ba. Ƙorafin yana da tushe, kuma shi ne yake ƙara nuna darajar El Copé: wuraren da aka ƙidaya kwaɗi kafin cutar ta iso ba su da yawa.

Annobar ta wuce ke nan?

Ba ta wuce ba, ta zauna ne. A 2018 Jamie Voyles, wadda tana cikin marubutan rahoton El Copé na 2006, ta nuna cewa wasu nau'o'i kaɗan a Panama sun fara farfaɗowa, kuma ba don ƙwayar ta yi sanyi ba, domin gwaji ya nuna ƙarfinta yana nan. Alamu sun nuna kwaɗin da suka tsira ne ruwan fatarsu ya fi iya yaƙar ta. A tsibirin Mallorca na Sifaniya an yi nasarar kawar da ita daga wasu tafkuna ta hanyar yi wa talibambam magani da wanke wurin, sai dai wannan ba zai yiwu a dajin Panama ba. A Ostareliya, Anthony Waddle da abokansa sun nuna a 2024 cewa tubalan da rana ta gasa a cikin ƙaramar rumfar leda suna ba wani nau'in kwaɗo wurin ɗumi da zai warke, kuma wanda ya warke ya fi jure kamuwa ta biyu.

Babban nazarin duniya na biyu da aka fitar a 2023 ya duba nau'i 8,011, ya sami kusan kashi 41 cikin 100 suna fuskantar barazanar ƙarewa, fiye da tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa. A cikinsa, lalata mazauni saboda noma shi ne ya shafi mafi yawansu, sauyin yanayi kuma shi ne kan gaba wajen taɓarɓarewar da aka gani tun daga 2004. Bsal tana ci gaba da yaɗuwa a Turai, ta shiga Jamus da Sifaniya, masu bincike a Amurka ta Arewa kuma suna ta goga auduga a fatar dubban salamanda suna gwadawa, don su san ranar da za ta iso idan ta iso.